MAI LITTAFI A RUMFARSA: YADDA MARUBUCI MAI CIN GASHIN KANSA KE KASA HAJARSA A BIKIN LITTATTAFAI NA IKKO

Kowace shekara in watan Nuwamba ya kama, ruwan sama ya fara ɗaukewa, akan yi wani taro a tsibirin Ikko wanda galibin mutanenmu mazauna Kurmi ba su san da shi ba, ko da yake waɗansunsu suna wucewa ta bakin ƙofar wurin safe da yamma. Taron nan shi ne Bikin Littattafai da Fasaha na Ikko, wanda ake taƙaita sunansa da LABAF. Wata ƙungiya ta marubuta da 'yan jarida da masu zane, mai suna CORA, ita ce ta fara shi cikin 1999, kuma a shekarun nan ana yinsa ne a filin shaƙatawa na Freedom Park da ke titin Broad, ɗan taƙi kaɗan daga Dandalin Tafawa Balewa.

Shi kansa filin yana da tarihi. Gidan yari ne na zamanin Turawa, inda aka taɓa tsare manyan mutane irin su Herbert Macaulay da Cif Obafemi Awolowo. Bayan an rushe shi sai ya daɗe yana kango, har wani masanin zanen gine-gine, Theo Lawson, ya tsara yadda za a mai da shi lambu, aka buɗe shi cikin 2010, shekarar da Nijeriya ta cika 50 da samun mulkin kai. Inda dā ake kulle mutane don abin da suka faɗa ko suka rubuta, yau nan ne ake kafa rumfuna ana sayar da littattafai a sarari.

In ka shiga za ka tarad da manyan kamfanonin ɗab'i da kantunan littattafai, kowanne da tutarsa da ma'aikatansa. Amma ba su ne abin zancenmu yau ba. Wanda muke so masu karatu su duba shi ne mutumin nan, ko matar nan, da ke tsaye bayan ɗan tebur guda, da littafi iri ɗaya ko biyu a jere, ba yaron shago, ba akawu. Shi ya rubuta littafin, shi ya biya aka buga, shi ya ɗauko kwalin a ka ko a bayan mota, shi ne kuma zai karɓi kuɗinka ya ba ka canji. Wannan shi ne marubuci mai cin gashin kansa.

BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Kafin mutumin nan ya kai ga tsayuwa a rumfa ya riga ya sha wuya ta watanni. Da ya gama rubutu sai ya nemi wanda zai tace masa, domin ido ɗaya ba ya ganin kuskurensa. Sa'an nan ya biya mai tsara shafuka, ya biya mai zana bango. Daga nan sai Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, wanda shi ke ba da lambar nan ta shaidar littafi da ake kira ISBN, kuma doka ta ce in an buga, a kai masa kwafi 3 ya ajiye. Bayan duk wannan sai maɗaba'a. A Ikko yawanci unguwar Shomolu akan nufa, inda injinan ɗab'i ke ruri dare da rana a kusan kowane lungu.

A maɗaba'a ne gumi ke karyowa. Tsarin babban injin ɗab'i shi ne, kuɗin haɗa faranti da saita inji ɗaya ne, ko kwafi 100 za ka buga ko 1,000. Saboda haka in ka buga kaɗan, kowane kwafi ya yi tsada, in kuwa ka buga da yawa, kowane kwafi ya yi sauƙi amma jarinka ya kwanta cikin kwalaye a ƙarƙashin gado. Akwai ƙananan injina na zamani masu buga ko da kwafi 20 ne, sai dai kuɗin kowane ɗaya ya fi yawa. Ga kuma takarda. Gwamnatin Tarayya ta taɓa kafa masana'antun takarda uku, a Jebba da Oku-Iboku da Iwopin, amma ba su iya wadatar da ƙasa ba, biyu na ƙarshen ma sun daɗe da durƙushewa. Galibin farar takardar da ake buga littafi da ita daga waje ake shigo da ita, watau farashinta yana bin dala sau da ƙafa. Cikin watan Yuni na 2023, da gwamnati ta saki naira kasuwa ta yi mata farashi, dalar da ake samu a hukumance ƙasa da naira 500 ta haura naira 1,000 kafin 2024 ta yi nisa. Marubucin da ya yi lissafinsa da tsohon farashi sai ya koma ya sake.

LISSAFIN RUMFA

To, me ya sa mutum ba zai kai littafinsa kanti ya huta ba? Amsar tana cikin lissafi, kuma duk ɗan kasuwar da ke karanta wannan shafi, ko na goro ne ko na gwari a Mile 12, zai gane shi nan da nan. Alƙaluman da za mu kawo misali ne kawai, don farashi kullum sauyawa yake yi.

A ce marubuci ya buga kwafi 500, kowanne ya tsaya masa a kan naira 1,200, jarinsa ya zama naira 600,000 ke nan. Ya sa wa littafin naira 3,000. In ya kai kanti, mai kanti ba saye zai yi ba, ajiyewa zai yi, sai an sayar ya cire la'adarsa. A ce la'adar kashi 40 ce cikin 100, watau naira 1,200. Abin da zai dawo hannun marubuci naira 1,800 ne, ribarsa naira 600 kacal, kuma sai ya yi ta sintiri kafin a biya shi. Ta wannan hanya sai an sayar da kwafi 334 kafin uwar kuɗinsa ta fito. Amma in shi da kansa ya sayar hannu da hannu, naira 3,000 ɗin duka tasa ce, ribarsa 1,800, kuma kwafi 200 sun isa su mayar masa da jarinsa.

Sai dai rumfar ma ba kyauta ba ce. A irin waɗannan bukukuwa akan biya kuɗin wuri, ga kuɗin mota da na ɗan dako, ga abinci da ruwan sha na kwanakin biki, in kuwa daga wani gari ya zo, ga masauki. A ce duka sun tashi naira 90,000. Lalle ne ya sayar da kwafi 50 kafin ribar ta biya wannan ɗawainiya, sai a kwafi na 51 ne zai fara cewa ya samu. Wannan lamba ita ce ke cikin ransa tun daga safiya, ita yake ƙirgawa duk sa'ad da ya leƙa kwali.

YININ RUMFA

Kasuwar fili daban take da ta cikin ɗaki. Abokin gaba na farko shi ne rana, wadda ke sa bangon littafi ya nannaɗe, launinsa ya kwaɓe. Na biyu iska, mai ɗaga shafuka ta watsar da 'yan takardun talla. Na uku ruwa, domin a Ikko ko cikin Nuwamba hadari yakan haɗu ba sallama, kuma littafin da ya jiƙe ya zama asara, ba ya komawa yadda yake. Shi ya sa wanda ya goge ba ya rabuwa da babbar leda a ƙarƙashin tebur, ba ya ajiye kwali a ƙasa tsirara sai ya ɗora shi bisa katako ko kujera, kuma ba ya fito da kaya duka. Yakan jera kaɗan, ya ware guda ɗaya na dubawa wanda kowa zai taɓa da hannun gumi ko na maiƙon suya, sauran su zauna cikin ledarsu.

Amma babban aikin shi ne na baki. Mutumin da ya saba zaman kaɗaici da alƙalami, yau dole ya zama ɗan talla. In ya zauna ya sunkuyar da kai yana latsa waya, jama'a za su wuce shi kamar ba su gan shi ba. In kuma ya cika kiran mutane da naci, su guje shi. Gwanin rumfa yakan tsaya tsaye, ya yi gaisuwa, ya bar mutum ya ɗauki littafin da hannunsa, domin an lura wanda ya riƙa ya fi wanda ya kalla kusa da saye. Sa'an nan tambayar nan da ba ta da makawa ta zo: littafin a kan me yake magana? Nan ne ake gane wanda ya shirya. Labarin da ya ci shafi 200 da shekara biyu, tilas ya faɗe shi cikin numfashi biyu, ya tsaya daidai inda mai sauraro zai so jin ƙarshe. A Ikko kuwa sai ya iya faɗinsa da Turanci, ya iya da Turancin buroka, in da hali ya ɗan taɓa gaisuwar Yarbanci.

Masu zuwa rumfa iri-iri ne. Akwai mai tsayawa ya karanta babi guda cur a tsaye, ya yaba, ya ajiye, ya ce zai zagayo, ba kuwa za a sake ganinsa ba. Akwai mai tayawa kamar yana sayen tumatir, ya raba kuɗin biyu. Akwai ɗan makaranta mai son littafin da gaske amma aljihunsa ba nauyi, wanda sau da yawa marubuci kan rage masa don ya tuna da nasa zamanin. Akwai kuma wanda ya fi kowa wuyar sha'ani, watau aboki ko ɗan'uwa da zai zo da fara'a ya ce, "Malam, ina nawa?" Shi a ganinsa tun da kai ka rubuta, ai kyauta ka samu. Bai san kowane kwafi da ya fita a banza, ribar wani kwafin ce ta bi ruwa ba. Can kuma sai Allah ya kawo malamar makaranta ko mai kula da ɗakin karatu, ta duba, ta ce a ba ta 20. Mutum ɗaya irin wannan yakan gyara yinin duka.

Wajen biya ma sai da lura. Yanzu mutane da yawa ba su yawo da tsabar kuɗi, sai su ce za su tura ta waya. Dole marubuci ya rubuta lambar asusunsa ɓaro-ɓaro a kan kwali, ya kuma tabbata kuɗin sun shiga kafin littafi ya bar tebur, don akwai masu nuna saƙon bogi. In an gama ciniki sai ya buɗe shafin farko, ya tambayi sunan mai saye, ya rubuta masa 'yan kalmomi ya sa hannu. Wannan sa hannu shi ne abin da kanti ba zai iya bayarwa ba, haka kuma ɓarayin fasaha masu buga littafin mutane a ɓoye su kai bakin titi.

Ko da ciniki bai yi kyau ba, mai hankali ba ya komawa hannu rabbana. Ya ga fuskokin masu karatunsa, ya ji wane bango ne ke jan ido, wane farashi ne ke sa mutum ya ajiye littafi. Ya haɗu da 'yan jarida da masu kantuna da sauran marubuta, sun yi musayar littattafai da labarin maɗaba'ar da ke cika alkawari da wadda ba ta cikawa. Zuwa da kai, in ji Hausawa, ya fi saƙo.

BA YAU AKA FARA BA

Kada wani ya ɗauka wannan sana'a baƙuwa ce a ƙasar nan. A ƙarshen shekarun 1940 aka fara fitar da 'yan ƙananan littattafai masu araha a kasuwar Anaca, cikinsu har da na farko-farkon Cyprian Ekwensi, wanda aka haifa a Minna cikin 1921, ya kuma rubuta labarai a kan Arewa kamar Burning Grass. Malaman makaranta da akawuna da 'yan kasuwa suka dinga rubutawa, ana bugawa a ƙananan maɗaba'u ana kasawa a rumfuna, har yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya ragargaza kasuwar.

A Arewa kuwa da fari hukuma ce ke riƙe da alƙalami. Gasar da Rupert East ya shirya cikin 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa. Daga baya hukumar NORLA ta ɗauka, sai kuma kamfanin NNPC na Zariya da aka kafa cikin 1966, wanda ya buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed cikin 1980. A duk tsawon wannan zamani, in kamfani bai karɓi rubutunka ba, sai ka ajiye shi cikin akwati.

Abubuwa biyu suka sauya al'amarin. Shirin ilimin firamare kyauta na UPE da aka fara cikin 1976 ya yaye dubban yara maza da mata masu iya karanta boko, suna neman abin karantawa. Sa'an nan tsarin tsuke bakin aljihu na SAP ya zo cikin 1986, takarda ta yi tsada, kamfanoni suka fi mai da hankali ga littattafan makaranta waɗanda cinikinsu tabbas ne. Ga masu karatu, ga marubuta, babu mai haɗa su. Sai marubutan suka ɗauki rubutunsu suka nufi ƙananan maɗaba'u da kuɗin aljihunsu. Talatu Wada Ahmed ta fito da Rabin Raina, Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya cikin 1987 da Alhaki Kwikwiyo Ne cikin 1990, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, ga kuma irin su Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da Bala Anas Babinlata.

Dabarunsu na ciniki abin koyi ne har gobe. Sukan raba labari kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, don kuɗin na farko ya buga na biyu, mai karatu kuma ya saya da ɗan abin da yake da shi. Suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama da Kukan Kurciya, wannan yana tallata littafin wancan a cikin nasa. Waɗansu masana suka raina abin, suka laƙaba masa Adabin Kasuwar Kano. Amma littafin Hajiya Balaraba na 1990, shi ne Aliyu Kamal ya fassara zuwa Turanci, wani kamfani a ƙasar Indiya ya buga cikin 2012. Waɗanda suka daɗe a Kurmi za su tuna yadda littattafan nan ke biyo matafiya su sauka a Sabo da Agege, guda ɗaya ya zaga gida goma har bangonsa ya cire.

Yau yawancin wannan ciniki ya koma cikin waya. Marubuta, musamman mata, suna sakin labari shafi-shafi ta WhatsApp da makamantansa, mai so ya biya a tura masa. Hanyar ta rage wahalar takarda, amma tana da nata ciwon: mutum ɗaya ya saya, ya tura wa ɗari kyauta. Kuma cikin 2023 kamfanin OkadaBooks, wanda marubuta da yawa ke sayar da littattafansu ta intanet a wurinsa, ya rufe. Littafin takarda dai in ka saya ya zama naka, har jikanka ya tarar.

INA MUKE?

Bukukuwan littattafai sun yawaita a ƙasar nan. An fara na Aké a Abekuta cikin 2013, na KABAFEST a Kaduna cikin 2017, sa'an nan na HIBAF, wanda aka keɓe wa adabin Hausa, shi ma a Kaduna cikin 2021. Amma a bukukuwan Kudu galibin abin da ake kasawa na Turanci ne. Marubucin Hausa da ke Kano ko Gusau zai yi lissafin kuɗin mota da masauki da rumfa, ya tambayi kansa wa zai saya, sai ya haƙura. Alhali kuwa ga mu nan jingim a Obalende, wadda ba ta da nisa da filin, ga mu a Idi-Araba da Agege da Shagamu da Sabon Badun. Shi bai zo ba don yana zaton ba za mu je ba, mu kuma ba mu je ba don babu namu a wurin.

Wanda ke cutuwa a tsakani shi ne yaron da aka haifa a nan. Yana jin Hausa a gida, yana jin Yarbanci da buroka a waje, amma ba a cika samun makarantar da ke koyar da karatun Hausa a Kudu ba, ko da yake manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta so kowane yaro ya koyi ɗaya daga manyan harsunan nan uku ban da nasa. Ka miƙa masa takarda da Hausa, sai ya yi ta tuntuɓe a kan ƙ da ɗ da ɓ. Harshen da aka bari a baki kawai, ba a gani a rubuce, jikoki ne ke fara sakinsa.

Maganin ba mai tsada ba ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma marubuta biyar za su iya haɗa kuɗi su kama rumfa guda, ɗaya ya tsaya da littattafan duka, kamar yadda 'yan Raina Kama suka taimaki juna. Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa, waɗanda ba su gaza saukar da baƙo ba, za su iya ɗauke wa marubuci nauyin masauki, su sa a yi shela a unguwa. Malaman makarantunmu za su iya kwasar yara su kai su, don bikin yana da sashen yara.

Kai kuwa mai karatu, in Nuwamba ta zo, ka ware yini guda ka ɗauki 'ya'yanka ku je. In ka ga mutum tsaye bayan ɗan tebur da littafinsa, ko Bahaushe ne ko Bayarabe ko Ibo, ka tsaya ku gaisa, ka ɗauka ka duba. In ya yi maka, ka biya kuɗinsa cif ba tayi, ka sa ya rubuta sunan ɗanka a shafin farko. In kuwa ɗan'uwanka ne ko abokinka, to, kai ne ya fi kamata ka fara biya.